Tankin Da Ba Shi Da Murfi

Ranar Talata ce, tsakiyar damina. Tun asuba ake yayyafi, bai tsaya ba, bai kuma yi ƙarfi ba.

Ku matso kusa. Ba zan ɗaga murya ba, ba kuma zan maimaita ba.

Lokacin ina tuƙa wa Alhaji Na'iya mota, a-kori-kura mai kujeru gaba da baya, wadda ya sayo daga waje. Taki nake kai masa gona. Mota ce lafiyayya, sai dai tankinta ba shi da murfi. In ka buɗe 'yar ƙofar gefe, rami kawai za ka gani, da wani ƙarfe a ciki ya toshe shi. In an zura bakin famfon gidan mai, sai ya buɗe da kansa. In an zare, ya rufe. Shekara guda ina tuƙa ta, a gidan mai kaɗai nake shan mai, ban taɓa sa abin a raina ba. Ranar da aka kawo ta na tarar da wani farin mazurari na roba a ƙarƙashin kujera. Na ga ba shi da amfani, na ba matata tana ɗura man gyaɗa a kwalba da shi.

Bayan azahar aka aiko mini cewa kububuwa ta sari ƙanena Sallau a gona. Na tarar ƙafar ta kumbura, dasashinsa yana jini. Mai maganin gargajiya ya yi iya yinsa, ya ce a kai shi gaba. Asibitin da ke da allurar maciji tafiyar awa uku ce a damina. Gidan man garinmu babu mai a ranar. Na sayi jarka ɗaya wurin 'yan bumburutu na jefa a baya, na ce in na tanki ya ƙare na zuba a hanya. Matar Sallau tana da tsohon ciki, ba ta iya bin mu ba. Mu biyu muka tafi, yana kwance a kujerar baya.

Ana gab da magariba mota ta yi tari ta mutu. A tsakiyar wata fadama ce, ba gida gaba, ba gida baya. Waya ba sabis.

Ban damu ba. Na yanke gorar ruwa na yi mazurari, yadda kowane direba ke yi. Na kafa, na zuba. Mai ya biyo jikin mota ya sauka a kan ƙafata. Na sa sukundireba na danna ƙarfen nan, ko motsi bai yi ba. Na gwada tiyo, na gwada kara. Na sake zubawa, ƙasa ta sake sha.

"Yaya, mun iso?" in ji Sallau daga ciki.

"Saura kaɗan."

"Ƙarya kake. Ina jin warin mai." Ya yi 'yar dariya, ta koma tari. "Direban Alhaji guda, mota ta ƙi cin abinci a hannunka."

"Rufe bakinka ka ajiye ƙarfinka."

Na jingina goshina da motar. Na gaji. Ga mai a hannuna, ga tanki a gabana, ga ɗan'uwana yana ƙarewa a kan kujera.

"Sannu da aiki, direba."

Muryar a bayan kunnena na ji ta. Mai maganar kuwa yana gabana, can tsallaken hanya. Gajeren tsoho ne, da malafa da jakar fata. Na yi masa sallama. Bai amsa ba. Ya taho a hankali. Ni na jiƙe har wando, shi rigarsa a bushe.

"Ta ƙi sha?"

"Ta ƙi, Baba."

"Ba ta san hannunka ba ne."

Ya zaro wani siririn ƙahon saniya daga jaka, an yanke tsininsa. Ya zura a ramin. Na ji ƙaras, ƙarfen ya buɗe. Sai na tuna farin mazurarin da na ba matata, ashe aikinsa ke nan.

"Zuba."

Na ɗaga jarka. Mai ya riƙa shiga, ko ɗigo bai zube ba. Ina sunkuye, idona ya sauka a ƙasa. Dugadugansa ne a gaba, yatsunsa suna kallon inda ya fito. Sawunsa a laka kamar na mai tafiya can, alhali nan ya taho.

Na kama addu'a a zuci, ban daina zubawa ba har jarka ta ƙare.

"Nawa zan bayar, Baba?"

"Ba na taɓa kuɗi. Hanya za ka rage mini." Ya leƙa ta gilashi. Yana kallon Sallau, nishin da ƙanen nawa yake yi ya ɗauke. "Baya zan zauna, in riƙe maka mara lafiya."

"A'a, Baba. Babba ba ya zama a baya. Gaba za ka shiga, kusa da ni."

Ya daɗe yana kallona.

"To. Amma ni ba na son shiru. In aka yi shiru, sai in nemi abokin hira a baya."

Ya shiga. Kujerar ba ta lotsa ba. Na murza makulli, mota ta tashi.

Ni ba mai magana ba ne, tun ina yaro. Na yi masa zancen tsadar taki, na yi na lalacewar hanya. Minti biyar, magana ta ƙare. Sai ƙarar abin share gilashi. Ta gefen ido na ga wuyansa ya fara juyawa. Kafaɗunsa ba su motsa ba, wuyan kaɗai. A baya numfashin Sallau ya koma kamar zare.

Na yi sauri na ce, "Bana gero zai yi kyau."

"Wannan kowa ya sani," in ji shi. "Ba ni naka."

Sai na fara da Innarmu.

Kada ku tambaye ni me na faɗa. Na dai san bakina bai tsaya ba. Shi kuwa yana ta motsa muƙamuƙi kamar mai tauna goro, ba komai a bakinsa. In na tsaya haɗiyar yawu sai ya ce, "Uhm. Sai kuma me?" Wuyan ya fara tafiya, ni kuma in ci gaba. Duhu ya rufe. Maƙogwarona ya bushe, muryata ta dushe, ban bari ba. Awa ɗaya da rabi ina tuƙi ina magana.

Da fitilun gari suka bayyana, muka jiyo kiran sallar isha daga nesa.

"Tsaya nan," ya ce. "Ka gama biya."

Na taka birki. Na juya. Ƙofa a rufe take, kujera ba kowa. Ƙahon ne kawai a kai.

A asibiti suka karɓi Sallau da gudu, suka sa masa ruwa, suka yi masa allurai. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce da mun ƙara rabin awa, da sai dai haƙuri. Na zauna a benci. Kafin asuba ya buɗe ido, jinin ya tsaya.

"Yaya," ya ce a hankali, "da wa kake ta surutu kamar rediyo?"

"Ba ka ga kowa ba?"

"Kai kaɗai na gani. Amma na ji wasu daga cikin maganganunka. Ashe kai ka goya ni ranar da Inna ta rasu, ka yi ta zagaye da ni a bayan rumbu don kada in ga an fita da ita. Ba ka taɓa gaya mini ba."

Na duba cikin kaina, ban tarar da rumbun ba. Na nemi fuskar Inna, babu. Muryarta, babu. Sunanta kaɗai ya rage mini, shi ma don ban ambace shi ba ne. Duk abin da na ba tsohon nan ya tafi da shi.

Shekara bakwai ke nan. Sallau yana nan, kun san shi, yana ɗingishi yana noma. Ban yi da-na-sani ba. Amma ku ji: duk wanda zai bi fadamar nan da magariba, kada ya bi ta shi kaɗai ko da mara lafiya kaɗai. Kuma duk abin da ka tarar a cikin mota, ka bar shi inda yake, ko ba ka san amfaninsa ba.

Da gari ya waye na yi sallah. Na naɗe ƙahon a tsumma, na haƙa rami a bayan katangar asibiti na binne. Na sayo koko da ƙosai na kai wa Sallau. Na jira ya gama sha, na jawo kujera bakin gadonsa.

Na ce, "Fara mini daga farko. Inna doguwa ce, ko gajera?"