Wanda Ya Cire Hoton Ungulu

Da hantsi Hajiya Fauziyya ta buɗe zauren taron da ke Gyaɗi-Gyaɗi, ta tarar da firam ɗin tsakiyar bango a rataye inda aka bar shi, gilashinsa na ƙyalli, amma babu hoto a ciki. Ita ce shugabar wata ƙaramar ƙungiya ta masu kare tsuntsayen daji a Tarauni, kuma a ranar, bayan la'asar, za su buɗe baje kolin gasar hoton da suka shirya. Hoton da ya ɓace shi ne wanda ya zo na ɗaya: ungulu a bakin sheƙarta tana ciyar da ɗanta.

Kafin Sufeto Bello ya iso daga caji ofis, 'yan ƙungiya sun riga sun yanke hukunci. Ya tarar sun zaunar da wani saurayi a kan benci, sun karɓe masa kyamara, biyu na tsaye a kansa. Haidar ne, wanda ya zo na biyu. Kowa ya ji shi jiya yana faɗa da ƙarfi cewa alƙalai sun yi son kai, kuma mai gadi ya gan shi ya shiga zauren gab da magariba shi kaɗai.

Sufeto mutum ne mai yawan shiru, irin wanda kan daɗe yana juya magana a ransa kafin ya furta ta. Ya dubi saurayin, ya ga ba tsoron ɗauri ne a idonsa ba. Haidar mai ɗaukar hoton biki ne. Da amana yake cin abinci: ana barinsa ya shiga har tsakar gida, inda mata ke ajiye zinarensu da wayoyinsu a kan gado. Idan aka fitar da shi ta titin nan da ankwa, ko da gobe an sake shi, babu mai sake buɗe masa ƙofa.

Ya sa aka mayar masa da kyamararsa, sannan ya tambaye shi me ya shiga yi a zauren jiya. Haidar ya ce haushi ne ya kai shi. Ya je ya ƙare wa hoton kallo ne ko zai samo masa aibi, ya tsaya har aka kira salla bai samu ba.

"To, ka ce an yi son kai."

"Na faɗa, ranka ya daɗe. Ƙarya na yi. Ya fi nawa."

"Yau da safe ina kake?"

"Unguwar Gano, wajen raɗin suna. Tun da aka idar da asuba ina can, sai da aka raba goro aka watse."

Ɗaya daga cikin masu tsaronsa ya ce ai dare ma lokaci ne. Sufeto ya sauko da firam ɗin da kansa, ya kifa shi a kan tebur.

Bayan firam ɗin an liƙe shi da jar takardar gam, irin wadda ake jiƙawa kafin ta kama. Ba a yanka ta da reza ba, ba a kuma fizge ta ba. An bi ta da ruwa ne har ta saki, aka ɗaga ta ɗungurum, aka zare hoton, aka mayar da katakon baya, aka sake shafe takardar. Ya ɗora yatsa a kai. Da sauran danshi. A zafin Kano takarda ba ta kwana a jiƙe, saboda haka da safen nan aka yi aikin. Ya buga waya gidan sunan, mai gidan ya ce Haidar bai ko zauna ba, har sai da suka yi masa tsiya kan ya ƙi cin waina.

Wannan ya isa ya wanke Haidar a wajen Sufeto, amma ya san bai isa a wajen jama'a ba. Muddin ba a nuna wani an ce shi ne ba, za a ci gaba da cewa yaron ya turo wani.

Ya koma kan mai gadi. Mutumin ya rantse bai bar ƙofar gaba ba sai don sallar asuba, kuma da mabuɗin a aljihunsa ya tafi. Daga masallaci ya tsaya wajen mai shayi, bai ɓoye ba. Sufeto ya dubi hannuwansa masu kanta, ya dubi lallausan aikin da ke bayan firam, ya sallame shi.

Sai mai hoton, Suhaib, tela ne a Babban Giji, wanda ya mayar da yawon daji abin yinsa na ranar hutu. Sufeto ya yi tunanin ko hoton na jabu ne, yaron ya ji tsoron a gane idan jama'a suka taru. Suhaib ya buɗe wayarsa ya nuna masa asalinsa, da wasu da dama da ya ɗauka a wuri guda. Ya ce dokar gasa ce ta hana a sa ko ɗaya a intanet kafin a buɗe baje koli, kuma idan ana so zai je a sake wanko wani, sai dai babba irin wancan ba zai samu ba sai gobe.

Sufeto ya daɗe yana kallon wayar. Yana yaro ungulu kan cika rufin kwatar mahauta har a riƙa korarsu da dutse. Yanzu 'ya'yansa ba su taɓa ganin ko ɗaya ba. Ya tambayi Hajiya Fauziyya ina suka tafi. Ta ce ba tafiya suka yi ba, cinye su aka yi: dillalan kayan bokaye na sayen kai da ƙafa da ƙwai, har sheƙar ma ba sa bari. Shi ya sa ƙungiya ba ta rubuta inda aka ɗauki hoto a ƙarƙashinsa.

Ya sake duban hoton. Ungulun na kan reshen rimi. Can bayanta, a kusurwar dama, ga wani tankin ruwa mai launin ruwan ɗorawa, gefensa ɗaya a lotse. Duk wanda ke bin ƙauyukan bayan gari zai iya tuna inda ya taɓa ganinsa.

Ya tambayi Hajiya ko zauren yana da wata ƙofa. Ta ce akwai ta gefe, kuma mabuɗinta na hannun Alhaji Murtala mai shagon gilashi, wanda ya yi musu firam ɗin duka kyauta ya kuma zo ya rataye su. Ta ce ba ta ambace shi ba ne don babu dalili.

"Sufeto, mahaifin Suhaib ne fa. Uba zai saci hoton ɗansa?"

Sufeto ya juya ga Suhaib, ya tambaye shi me mahaifinsa ya ce game da hoton. Saurayin ya yi murmushin da bai kai ciki ba. Ya ce shi ɗan fari ne, Alhaji ba ya kiran sunansa, ba ya zama inda yake zaune, tun tasowarsa duk maganar da ke tsakaninsu ta bakin gwaggonsa take bi. Shekaranjiya Gwaggo ta zo ta ce Alhaji ya ce kada a rataye hoton nan. Da ya tambayi dalili, ta ce ita ma ba ta riƙe ba, wata magana ce dai a kan tanki, amma a ganinta ƙyamar ungulu ce kawai irin ta manya. Shi kuwa ransa ya ɓaci, ya ce ta ce masa an riga an gama magana.

Shagon Alhaji Murtala na bakin titin gidan zu, babba ne, da ma'aikata suna yankan gilashi a waje. Sufeto ya same shi a ciki, dattijo mai furfura a gemu, yana neman hularsa. A kan teburinsa akwai kwano da ruwa da ɗan guntun soso. Bayan gaisuwa Sufeto ya ce ya zo ne a kan hoton Suhaib.

"Hoton yaron nan," in ji Alhaji, idonsa a ƙasa.

"Alhaji, bari in faɗa maka abin da na gani, in na yi kuskure ka gyara mini. Mai hassada zai yaga hoto ne ko ya fasa gilashi. Ɓarawo zai ɗauke firam ɗin gaba ɗaya, don shi ne abin sayarwa. Wanda ya yi wannan ya jiƙa takarda ya ɗaga ta yadda mai sana'a ke yi, hannunsa bai iya ɓarna ba ko da yana sauri. Ya bar sunan mai hoton a manne a bango, bai so ya rage masa komai ba. Kuma ya san za a iya sake wanko hoton, ke nan abin da ya samu kawai shi ne kada taron yau ya gan shi. Na tambayi kaina wa ke tsoron taron yau, sai na ga tanki."

Alhaji ya jawo wani faffaɗan kwali daga bayan kabad, ya buɗe. Hoton na ciki, an shimfiɗa masa farar takarda sama da ƙasa, ko lanƙwasa babu.

Ya ce ranar da yake haɗa firam ɗin, wani mutum ya shigo sayen madubi. Ya san shi, yana da rumfa inda ake sayar wa bokaye fatu da ƙasusuwa. Mutumin ya manta da madubin, ya tsaya a kan hoton, ya kai yatsa wajen tankin yana ta tsaki irin na wanda abu ya kusa faɗo masa a rai. Alhaji ya yi maza ya kifa hoton. Mutumin ya tambayi ranar da za a baje shi da wurin, wani ma'aikaci ya faɗa masa kafin a hana shi. Alhaji ya ce shi bai san komai a kan tsuntsaye ba, amma ya san idon mai ciniki. Ya aiki gwaggon yaron, saƙon bai isa yadda ya bayar ba. Ya yi niyyar zuwa wajen Hajiya Fauziyya, sai ya ga hakan kai ƙarar ɗansa ne wajen bare, a ce ya yi sakaci. Ya kwana yana juyawa, da asuba ya ɗauki mabuɗi.

"Ka san an tsare wani yaro a kan wannan?"

"Yanzu ma'aikacina ya faɗa mini. Hular da ka ga ina nema ke nan, can zan tafi." Ya rufe kwalin. "Na tsare tsuntsu na jefa ɗan mutane a masifa. Wannan ban hango shi ba."

A hanyar komawa zauren tare da Alhaji, Sufeto ya riƙa auna abin. Sata ce, babu wani suna da doka ta san shi da shi. Amma da ba a yi ta ba, da yammacin nan mai rumfar fatu zai tsaya gaban hoton ya kalle shi son ransa. Ya ga kuma cewa da dattijon ya taka kunya ya yi wa ɗansa magana baki da baki, da babu wanda zai zauna a benci. Sai dai ita wannan kunyar ce ta sa ya kasa tona sakacin yaron a gaban kowa. Bai gama warware tunanin ba suka iso. Abin da ya tabbata a ransa kawai shi ne godiya ga Allah da danshin takardar nan bai bushe ba kafin ya taɓa ta.

A zauren, Sufeto ya tara kowa ya yi bayani daga farko. Hajiya Fauziyya ta karɓi hoton, ta dubi tankin, ta dafe kai. Ta ce su biyar suka yi alƙalanci, duk tsuntsuwar suka kalla. Ta ce ƙungiya ta janye ƙara, ta kuma yi wa Alhaji godiya. Suhaib da kansa ya ɗauko reza da abin awo, ya yanke kusurwar daman hoton, ya tura guntun a aljihu. Waɗanda suka tsare Haidar suka zo ɗaya bayan ɗaya suna ba shi hannu.

Alhaji Murtala bai tsaya wajen godiyar ba. Ya taka har gaban bencin, ya cire hularsa, ya ce da ƙarfi yadda na bakin ƙofa ma za su ji, shi ne ya cire hoton, wannan yaro bai taɓa komai ba, kuma duk gidan da aka kai wata magana a kansa a zo a faɗa masa, zai je da ƙafarsa ya warware. Sannan ya roƙi Haidar gafara.

Haidar ya miƙe da sauri, ya rusuna.

"Baba, mayar da hularka. Na yafe. Amma ina da roƙo ɗaya."

"Faɗi."

"Ni na faɗi gaskiyata a kan hoton nan, kuma da ɗaci na faɗe ta. Kai ma ka faɗi taka. Ga mai shi nan."

Suhaib na tsaye taku kaɗan daga wurin, rezar na hannunsa, ya sunkuyar da kai. Alhaji bai waiwaye shi ba. Ya mayar da hularsa, ya gyara mata zama, ya daɗe yana kallon ungulun da ɗanta a kan tebur. Sannan ya dafa kafaɗar Haidar.

"Ka gaya wa abokinka, shekara da shekaru ina sa hotunan mutane a gilashi. Ban taɓa wanke hannuna kafin in taɓa wani ba sai nasa."

Haidar ya juya, ya maimaita wa Suhaib maganar kalma da kalma, kamar daga wani gari aka aiko shi da ita. Suhaib ya saurara har ƙarshe, ya goge idonsa da hannun riga, ya ce a ce wa Alhaji ya gode.