Auta da Kalmar Fomat

A garin Kazaure akwai wata yarinya 'yar aji ɗaya a ƙaramar sakandare. A gida Auta ake ce mata. Tana da ƙoƙari, amma fa akwai saurin fushi, ga rashin son tambaya.

Babu abin da ke ba ta haushi kamar kwamfutar babanta. Tsohuwa ce tukuf, mai ƙatuwar ƙeya, kuma Windows XP ne a kanta. In ka kunna ta, sai ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama farkawa ba.

Babanta, Malam Lauwali, tsohon mai buga takardu ne a sakatariya. Shekara uku ya yi yana rubuta tatsuniyoyin mahaifiyarsa, Inno, a cikin kwamfutar nan. Inno tana faɗa, shi yana bugawa, har suka kai arba'in da biyu. Bara Allah Ya yi wa Inno rasuwa.

"Baba, me ya sa ba za ka sa mata sabon Windows ba?" in ji Auta wata rana.

"Ba za ta iya ɗauka ba," in ji Baba. "Kuma haruffan da na yi rubutun da su, a tsohon kaɗai suke fitowa. A sabo, ƙ da ɗ sai su koma 'yan akwatuna. Ki bar ta yadda take."

Ran Asabar da hantsi ƙawarta Mu'minat ta zo su yi aikin gida. Da ta ga kwamfutar sai ta tuntsire da dariya.

"Wannan ai sa'ar kakata ce. Dubi cikinta ma, komai a hargitse."

Auta ta cika ta yi fam. Mu'minat na fita ta ja kujera ta zauna tana huci. Yau sai ta gyara wa tsohuwar nan zama.

To, a makon nan ne aka koya musu rubutun wasiƙa a darasin Turanci. An ce kowace wasiƙa tana da fomat, wato tsari. Adireshi a sama, kwanan wata a ƙasansa, komai a wurinsa.

Auta ta danna ma'ajiyar da Baba ya sa wa suna INNO. Sai ga kalmar fomat ta fito a jeri.

"Yawwa," ta ce a ranta. "Ashe ma akwai abin da ke tsara ta, Baba ne bai sani ba."

Wani dogon gargaɗi ya fito da Turanci. Ko kallon kirki ba ta yi masa ba.

"Auta, kin tambayi babanki kuwa?" in ji Umma daga madafi.

"Umma, na iya."

Ta danna. Kafin a ce me, kwamfuta ta ce ta gama. Auta ta buɗe ma'ajiyar, ta ga fili fetal, ko harafi ɗaya babu. Ta sulale ta shige ɗaki.

Bayan la'asar Baba ya dawo. Ya zauna, ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa.

"Wa ya taɓa min kwamfuta?"

Auta ta fito tana turo baki. "Ita ce ta lalace, ai tsohuwa ce. Ni fomat kawai na yi mata don ta tsaru."

Baba ya miƙe tsaye. Auta ba ta taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba.

"Fomat? Kin share maganar uwata, sannan ki tsaya kina ɗora wa kwamfuta laifi? Sau nawa na ce ki bar ta? A ina zan sake samun Inno ta faɗa min?"

"Ni ma na yi mata magana," in ji Umma a fusace. "Cewa ta yi ta iya. To ga iyawa nan."

Baba ya kashe kwamfutar, ya rufe ta da zane. "Tashi daga gabana," ya ce. Ranar ko tuwo bai ci ba, Auta ma haka.

Ran Litinin ta je wurin malamin kwamfuta, Malam Jalaluddeen. Ta faɗa masa komai tana kuka. Shi ma ransa ya ɓaci.

"Fomat a wasiƙa tsari ne, a kwamfuta sharewa ne. Gargaɗin da ya fito, don wa aka rubuta shi? Don bango?"

"Ban karanta ba, Malam."

"An sake ajiye wani abu a ciki?"

"A'a. Baba ya kashe ta tun ranar."

"To da sauran dama, don abin da aka share yakan dawo in ba a ajiye wani a kansa ba. Ki ce ya kawo ta."

Da ƙyar Baba ya yarda. Washegari suka ɗauko ta a adaidaita sahu. Malam ya kwance ta, ya ciro ma'ajiyar. Sababbin kwamfutocin makaranta duk ba su da bakin da zai karɓe ta. Sai ya nufi wata tsohuwar kwamfuta a lungu, wadda ɗalibai ke yi wa dariya kullum. Ita ma Windows XP ne a kanta.

"Saboda rana irin ta yau nake kula da ita," in ji shi.

Aka yi ta jira har azahar. Tatsuniyoyi suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya. Baba yana ƙirgawa da yatsa. Da aka kai arba'in da ɗaya, sai aikin ya tsaya.

"Ɗaya ta tafi," in ji Malam. "Ba yadda zan yi."

Baba ya duba jerin. "Ta saniyar da ta ƙi shan ruwan rijiya ce. Ita ce ta ƙarshe da Inno ta faɗa. Ni bugawa kawai nake yi, ban riƙe ta ba."

"Baba, ni na riƙe," in ji Auta a hankali. "A cinyarta nake kwance ranar. Ka yafe min. Laifina ne, ba na kwamfuta ba."

Baba ya dafa kanta. Sannan ya ce, "Na yafe. Mu je gida."

Da yamma suka zauna a gaban tsohuwar kwamfuta. Ta ɗauki lokacinta tana farkawa, Auta ba ta yi tsaki ba. Ta fara faɗa, Baba yana bugawa. Har tarin da Inno kan yi a tsakiyar labari sai da ta kwaikwaya. Baba ya yi dariya, ya goge ido.

Da suka gama, wani rubutu ya fito. Auta ta karanta shi har ƙarshe, ta janye hannunta.

"Baba, wannan me yake nufi?"

"Ajiyewa yake nufi. Danna, Auta."

Tun daga ranar, abin da ba ta sani ba sai ta tambaya kafin ta taɓa. Mai tambaya ba ya ɓata.