Sunan da Muhsinat ta hana su

"Ƙaddara?! Ɗago ka kalli tsabar idona ka sake faɗa, Rabiou!"

Rabiou bai ɗago ba. Makullin motarsa yake ta murzawa kamar yau ya fara ganinsa.

"Muhsinat, rage murya don Allah... bangon Karama ba ya riƙe magana."

"Su ji! Indiyawan sama da Filifinawan ƙasa duk su fito su ji! Shekara biyu kana sintiri a kaina, yau ka buɗe baki ka ce ƙaddara ta raba mu?"

Ranar Juma'a ce bayan la'asar, a falon yayarsa Hannatou da ke unguwar Karama a Dubai. Gayyato Muhsinat aka yi cin abinci, ita kuwa baiwar Allah ta ɗauka ranar tura magabata Zariya za a tsayar. Ta roƙi hutun rabin yini a gidan da take jinyar wata tsohuwar Baturiya, ta sha lalle, ta zuba turare har direban tasi yana atishawa. Sai da suka bari ta cinye shinkafarta tas, sannan aka ce mata an fasa.

Mutanen nan akwai iya yanka da murmushi!

Hannatou na hakimce a kujera, ƙafa ɗaya kan ɗaya, tana kaɗa shayi.

"Ma fille, ki yi haƙuri. Ba mu muka ƙi ki ba. Inna ta kai sunanku wurin malaminta a Maradi, ya buga ƙasa har sau uku. Taurarinku ba su haɗu ba. Ya ce in aka ɗaura auren nan ba za a shekara ba sai an zauna makoki. Khalas, magana ta ƙare."

Daga kicin aka ji cokali ya faɗi. Aïchatou ce, ƙawar Hannatou mai shagon abaya a Deira, wadda ta zo wai taya wanke-wanke. Faranti huɗu ne kacal, amma awa guda tana kansu, da jan baki da gashin ido na kanti.

Muhsinat ta kalli ƙofar kicin, ta kalli Hannatou, ta yi wata dariya mai ɗaci.

"Ita waccan fa, Anti? Nata tauraron an duba?"

"Ke! Ki iya bakinki a gidana."

"An duba ke nan."

Rabiou ya miƙe da sauri. Dogo ne, kyakkyawa, mai sanyin murya, irin mazan da ke sa yarinya ta manta tukunya a wuta. A ofishinsa na jigilar kaya da ke Al Khabaisi kuwa zaki ne, lebura ba ya wasa a gabansa. Amma da an ce Inna ta ce, sai ya koma kamar tsumman da aka jiƙa.

"Écoute, habibti, ba ruwana da kowa, ke nake so, Allah shi ne shaida. Kwana huɗu ban runtsa ba. Mi kike so in yi? In aure ki, in kai ki kushewa da hannuna?"

Muryarsa ta karye a ƙarshe. Muhsinat ta san ba ƙarya yake ba. Tsoron nan na gaske ne. Wannan ne ma ya ƙara tunzura ta.

"To in ba ka aure ni ba, ba zan mutu ba? Malamin ya ba ka takardar haka?"

"Muhsinat..."

"Lokacin da za ka baro Maradi ka zo Dubai, ƙasa aka buga maka ko layin biza ka bi? Lokacin da ka tare ni a tashar jirgin ƙasa, na yi maka banza sau biyar kana dawowa, taurari ka tambaya? A can duk kana da ƙafafu. Sai yau da aka zo wurin tsayawa ne ƙafafun suka zama na ƙaddara!"

"Kina saɓo, yarinya," in ji Hannatou.

"Ni ke saɓo, Anti? Ni da na yarda abin da Allah Ya rubuta ba mai gani sai ya zo, ko ku da kuka aika a leƙo muku?"

Hannatou ta kurɓi shayi.

Muhsinat ta juya kan Rabiou, idonta jawur.

"Tsohuwar da nake jinya, Madam Sigrun, 'yar Norway, kullum tana saƙa tana ba ni labarin kakanninsu na can da. Wai sun yarda akwai wasu tsofaffin mata uku a gindin wata ƙatuwar bishiya, su ke kaɗa zaren rayuwar kowa. In sun tsinke naka, shi ke nan, ko sarki ne kai. Na ce mata, to Madam, ai sai kowa ya kwanta ya jira. Ka san me ta ce? Ta ce a'a! Tunda ranar ba ta matsawa gaba ko baya, tsoro bai da amfani. Namijinsu ɗaukar takobinsa yake ya shiga jirgin ruwa. Zaren ba a hannunsa yake ba, amma yadda zai tari abin, a tsaye ko a ɓoye bayan ƙofa, wannan nasa ne."

"Arna ne fa," Rabiou ya faɗa ƙasa-ƙasa.

"Arna ne! Shi ya sa kunya ta kama ni. Mutanen da ba su san alƙibla ba sun fi mai sallah biyar ƙarfin zuciya!"



Hannatou ta ajiye kofi da ƙarfi.

"Surutu dai ba ya canza lissafi. Sunanki da na mahaifiyarki aka haɗa da nashi da na Inna. Muhsinat 'yar Turai. Ke da bakinki kika faɗa mani ranar da na kai ki cin kifi."



Ashe wannan ne dalilin kifin! Ranar nan Hannatou ta yi ta jan ta da hira, ina dangi, ina 'yan'uwa, yaya sunan Mama in riƙa sa ta a addu'a. Ita kuwa har daɗi ta ji, ta ce ta yi dacen dangin miji.

Sai ta fashe da dariya, har da riƙe ciki, hawaye na zuba.

"Turai? Da Turai aka buga?"

"Mi ne abin dariya?"

"Anti, ni 'yar fari ce. Ranar da aka yaye ni aka miƙa ni ga ƙanwar babana, ita ta riƙe ni, ita nake kira Mama. Ita ce Turai. Wadda ta haife ni ko sunana ba ta faɗa don kunya, ni ma ban taɓa kama nata a bainar jama'a ba. Malaminku ya buga ƙasa sau uku bai ga wannan ba?"

A kicin famfo ya tsaya cak.

Fuskar Rabiou ta washe kamar an kunna fitila. Ya yi tsalle ɗaya ya zo gabanta.

"Alhamdu lillahi! Kin ji, Yaya? Lissafin ba namu ba ne! Wayyo ma chérie, kin cece ni!"

Muhsinat ta ji wani sanyi ya ratsa ta. Ta ɗaga ido tana jiran ya ce gobe zai kira baffanninsa. Kalma ɗaya take jira, ɗaya tak.

Sai ta ga ya zaro waya.

"Yalla, faɗi sunan na gaskiya, in tura ma Inna yanzu. Kafin magariba malam ya sake bugawa."

Wallahi da mari ya kwaɗa mata da ya fi sauƙi.

"Me ka ce?"

"Sunan mahaifiyarki, habibti. Na tabbata wannan karon zai yi kyau, inshallah."

"In bai yi kyau ba fa?"

Ya mayar da idonsa kan wayar.

"Tambayarka nake, Rabiou. In ya sake cewa makoki fa?"

"Bon... kada mu yi wa kanmu mugun baki. Mu dai gwada."

"Ba zan faɗa ba."

"Haba Muhsinat!"

"Ba zan faɗa ba! Uwar da ta yi naƙudata ba za a zana sunanta a cikin yashi ba don a taya ka yanke shawara. Ga ni nan gabanka. Ka san halina, ka san gidanmu, ka san fushina, ka san yadda nake sonka har ba na iya cin abinci in muka yi faɗa. Ka yi alwala ka yi istihara da goshinka, ba da na wani ba. In kana so na, ajiye wayar nan ka ce ka zaɓe ni, abin da Allah Ya rubuta mu tare shi tare."

Ta matso har tana jin ƙamshin turarensa, muryarta ta yi ƙasa.

"Masoyina... ajiye wayar."

 Ya kalle ta, ya kalli yayarsa. Hannatou gira ɗaya kawai ta ɗaga.

Ya sauke wayar har kusa da tebur. 

Amma bai saki wayar ba.

"Ko harafin farko ne, Muhsinat... don hankalin Inna ya kwanta."

Ta daɗe tana kallonsa. Hawayen ma sun ƙafe. Ta zare zoben azurfar da ya saya mata, ta jefa shi cikin kofin shayin Hannatou, shayin ya fantsama a kan atamfar Juma'ar Hannatou.

"Ke! Ba ki da hankali?!"

"Yau na samo shi, Anti."

Ta saɓa jakarta, ta gyara mayafi, ta leƙa kicin.

"Aïchatou, fito haka, farantan sun fita. Ga shi nan na bar miki. Amma ki riƙe lambar malamin da kyau, don ko gishiri za ki ƙara a miya sai an kira Maradi."

"Muhsinat, tsaya! Ki tsaya mu yi magana! Wallahi haka Allah Ya..."

Ta juyo daga bakin ƙofa, yatsa a miƙe.

"Kul! Kada ka ƙara jingina wa Allah. Sau biyu aka ba ka zaɓi yau, sau biyu kai ka zaɓa. Wannan na ukun kuma nawa ne."

Ta fice, ta bugo ƙofar da ƙarfin da ya sa agogon bango ya faɗo ƙasa.