Koriyar Tawada a Littafin Zinder

Ranar Talata da la'asar aka tura Sufeto Ma'aruf wani gida a Pleasant Garden, kusa da birnin Greensboro na Amurka. Ba wannan ne muƙaminsa a ofishin 'yan sanda ba, amma da shi Hausawan Greensboro ke kiransa, kuma duk ƙarar da ta shafe su shi ake ba wa saboda harshe.

Ya san mamacin. Malam Zabeirou ne, mutumin Nijar, tsohon direban babbar mota da ya yi ritaya ya mayar da garejinsa ɗakin karatu. Shi ke fitar da Tsohon Bango, ƙaramar mujallar masu sha'awar tsofaffin littattafan labarai, irin waɗanda ake bugawa a takarda mai araha ana sayarwa a tasha shekaru arba'in da suka wuce.

Malam yana kwance tsakanin kantocin ƙarfe biyu, da rauni a ƙeya. Matarsa, Hajiya Fassouma, ita ta tarar da shi da ta dawo daga aiki.

A kan tebur Sufeto ya ga ambulan mai tambarin gidan wayar Zinder, an buɗe, ba komai a ciki. Hajiya ta ce littafi ne a ciki, jiya ya iso, shekara guda Malam yana nemansa, ko ita bai bari ta taɓa ba. Ta ce mutum biyu ne a garin ke rubuta wa mujallar: Hamsatou, ma'aikaciyar jinya, da Husaini, mai aikin kwamfuta.

Ya samu Hamsatou a wajen ajiye motoci na wurin aikinta, idanunta sun kumbura. Ta ce rabonta da gidan Malam tun makon jiya.

Sufeto ya zaro wata takarda da ya tsinta a ƙarƙashin ambulan ɗin.

"Wannan rubutun wa?"

"Nawa ne."

"Karanta kwanan watan da ke sama."

Ta duba, kwanan watan ranar ne, ta sunkuyar da kai. Ta ce tsoro ne, tana tsakiyar sabunta takardun zamanta, ba ta son sunanta ya shiga fayil ɗin 'yan sanda. Da ƙarfe tara na safiyar ranar ta je, Malam ya nuna mata littafin don ta yi sharhi a kansa, ta fito kafin goma, ta bar shi lafiya ƙalau yana shan shayi.

"Me ke cikin littafin?"

Ta ce sunansa Gobarar Tashar Nguru, kuma an daɗe ana zaton babu kwafin da ya rage. A bango an sa sunan Bawa Mai Ɗab'i. Amma a cikin bangon, Bawa da hannunsa ya rubuta da koriyar tawada cewa ba shi ya ƙirƙiri labarin ba, wata Kouloussoum ce mai buga masa keken rubutu, shi sunansa kawai ya ara mata don ba a sayen littafin mace a lokacin.

"Wa zai damu da wannan yanzu?"

"Bawa mahaifin Husaini ne," in ji ta. "Maƙala bakwai ya rubuta mana a kan babansa."

Ta ƙara da cewa Malam ya ce ba zai buga komai ba sai ya kira Husaini ya sanar da shi tukuna, don haka ya dace. Ita dai ba ta faɗa wa kowa ba.

Washegari da safe Sufeto ya tafi gidan Husaini a Summerfield. Husaini ya tarbe shi a falo, mutum ne mai sanyin magana, ya haura hamsin. A jikin bango akwai hoton wani dattijo tsaye kusa da injin ɗab'i.

Husaini ya yi wa Malam addu'a, ya ce rabonsa da shi tun Juma'a a masallaci. Ya amince Malam ya kira shi jiya, amma ya ce yana taro, bai ɗauka ba. Littafin kuwa bai ma san ya iso ba.

Sufeto ya ce an gaya masa akwai wani rubutu a ciki da ke cewa ba mahaifinsa ne marubucin ba.

Fuskar Husaini ta canja.

"Wannan ba hujja ba ce, Sufeto. Kowa na iya samun koren biro ya rubuta abin da ya ga dama."

"Ban ce maka kore ba ne, Malam Husaini."

Husaini ya dubi kafet, sannan ya fara magana ba tare da an sake tambayarsa ba.

Ya ce yana ɗan shekara tara mahaifinsa ya rasu, bai bar musu gida ko gona ba, sai wannan suna na marubuci. Da shi ya girma, da shi yake ba 'ya'yansa labari su san daga inda suka fito. Ya je gidan Malam da azahar, ya roƙe shi ya bar maganar. Malam ya ba shi haƙuri, amma ya ce matar ma tana da 'ya'ya. Sai Husaini ya fizge littafin, Malam ya riƙe, shi kuma ya ture shi.

"Na ji ƙarar kansa a jikin ƙarfen," in ji shi. "Ban juya ba. Da na kira motar asibiti, ƙila da yanzu yana raye."

Littafin yana cikin aljihun motarsa. Ya ce ya yi niyyar yage bangon, amma da ya duba ya gane hannun babansa ne, ya kasa.

Sufeto ya sa littafin a ledar shaida, ya karanta wa Husaini haƙƙoƙinsa da Turanci, ya maimaita da Hausa. Ya bar shi ya sa takalmi kafin ya ɗaura masa ankwa.

A bakin mota Husaini ya tsaya.

"Ita Kouloussoum ɗin, tana da rai?"

Sufeto ya ce bai sani ba.

"A bincika," in ji Husaini. "Ka gaya wa Hamsatou ta buga, ta sa sunanta."

Sufeto ya buɗe masa ƙofar baya, ya dafa kansa ya shiga.