Rigar Nutso a Gaban Murhu

Wata yarinya ce a wani ƙauyen masunta a tsibirin Hokkaido na ƙasar Japan. Ta shiga ƙungiyar nutso ta makarantarsu. Ruwan tekunsu kuwa sanyi ne da shi kamar ƙanƙara, dole kowa ya sa rigar da ruwa ba ya ratsawa, daga wuya har ƙafa.

Ranar sayen riga, mai shago ya nuna mata iri biyu. Ɗaya ta yadi ce marar nauyi, tana bushewa kafin yamma. Ɗayar ta roba ce mai kauri, tana jure gogar duwatsu, amma sai ta kwana biyu ba ta bushe ba.

"Mai kaurin nake so, Mama."

"Ke da ko shayi ba kya bari ya huce? A inuwa fa ake shanya ta."

"Zan jira. Na yi alkawari."

Ranar Asabar ce ƙungiyar za ta fara shiga teku, don dasa ciyawar ruwa. Tun bara yarinyar take ɗokin wannan rana. Ranar Juma'a bayan gwaji ta wanke rigar ciki da waje. Da yamma ta taɓa, har yanzu sharkaf!

Hankalinta ya tashi. Ta faki idon Mama, ta rataye rigar dab da murhun kananzir, ta tafi cin shinkafa. Can sai ta ji ƙauri. Robar wuyan ta ƙandare, har ta ɗan tsage. Ta cusa rigar a jaka, ta ɓoye.

Da safe a bakin teku, Malam Kumagai, mai koyar da nutso, yana duba rigar kowa. Layi yana matsowa, yarinyar tana ta tunani. Idan ta rufe tsagar da hannu, wataƙila ba zai gani ba. To, idan ruwan sanyin nan ya shiga tana can ƙasa fa?

"Malam, na gasa rigata," ta faɗa tana kuka.

Ya ja robar wuyan kaɗan, sai ta yage gaba ɗaya. Ya ce da ta shiga ruwa a haka, da yanzu maganar asibiti ake yi. Ran nan a kan dutse ta zauna, tana kallon kumfar numfashin ƙawayenta. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Mama ba ta yi faɗa ba. Tare suka kai rigar aka sa sabon wuya. Asabar ta gaba yarinyar ta dasa ciyawa da hannunta, ta fito a bushe tana dariya.

Ta gane cewa wanda ya zaɓi abu mai ƙarko sai ya yi haƙurin kula da shi, kuma faɗin gaskiya ne ya cece ta.

Ta rataye rigar a inuwa. Mama ta tambaya ko ta bushe.

"Sai jibi, Mama. Ina jira."