Budurwa a Layin Masu Ciki

Nafisa na durƙushe a tsakar gidansu da ke Madabo, ta dafe mararta ta dama tana cije leɓe. Akwatunan lefen da aka kawo daga gidan su Zaharaddeen suna jere a ɗakin mahaifiyarta, Inna Asibi.

"Inna, don Allah ki bar ni in koma asibiti! Likitar ta ce in ciwon ya tsananta kar in jira."

"Ba inda za ki! Zuwan farko bai ishe mu ba?"

A wancan zuwan an yi mata sikanin, likita ta ce ƙullutu ne da jini ya taru a cikinsa a gidan ƙwanta, yawanci yakan baje da kansa, ta sha magani ta dawo a sake dubawa. Sai dai bencin masu jiran sikanin ɗaya ne da na masu ciki, kuma a nan Luba, ƙanwar uwar Zaharaddeen, ta hango ta. Kafin la'asar matan Gwammaja, unguwar su Zaharaddeen, har sun ƙirga wa cikin watanni. Hajiya Dije, uwar ango, ta ce a fasa, a kwaso mata kayanta.

Inna ta ɗora ruwan zafi ta ɗauko tsumma. "Kwanta in gasa miki, ciwon mara ne kawai."

Ta danna, ta ƙara dannawa. Nafisa ta ƙwalla ƙara, gumi ya karyo mata, idonta ya juye.

Zaharaddeen na zaure, ya zo ya ji gaskiya daga bakinta. Salatin Inna ya ji, ya faɗa gidan ba sallama.

"Inna, ga keken a daidaita sahu a waje, mu tafi!"

"Mutane fa, Zaharaddeen..."

"Mutane ne za su dawo miki da ita in ta mutu?"

A asibiti aka gano ƙullutun ya fashe, jini ya malale a cikinta. Zaharaddeen ne ya miƙa hannu aka ɗebi jininsa, sannan ya buga wa Hajiya waya yana kuka: "Ki zo ki ji da kunnenki."

Likitar ta fito daga tiyata ta tarar da iyayen biyu, kowacce ta kau da kai.

"Ba ciki ba ne, likita?" in ji Hajiya Dije.

"Gwajin ciki muka fara yi, Hajiya, babu. Wannan ciwo budurwa ma yana samunta. An makara ne, dole muka cire gidan ƙwai ɗaya."

Inna ta zube a ƙasa. "Za ta haihu?"

"Ɗayan lafiya lau yake, da yardar Allah."

Hajiya Dije ta ja mayafi ta rufe fuska don kunya. Da Nafisa ta farfaɗo, abin da ta fara tambaya ya karya zuciyar kowa: "An kwashe lefen?"

"Yana nan inda kika bar shi," in ji Zaharaddeen.

Tsoron bakin mutane ya ci wa Nafisa sashen jikinta, kuma cikin masu tsegumin ba wanda ya zo duba ta. Iyaye, ciwon 'yarku ba abin kunya ba ne, ɓoye shi ne abin kuka.

Bayan shekara biyu Nafisa ta koma bencin nan da tsohon ciki, Inna na riƙe da katinta. Wata budurwa ta raɓe a bakin ƙofa tana ɓoye fuska a hijabi. Inna ta miƙe ta kamo hannunta.

"Zo ki zauna a wurina, 'yata. Duk mai magana ya yi da ni."