Tarkon da Aka Ɗana wa Ermelina a Bakin Ruwan Baftisma

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, in ta yi daɗi mu riƙe.

To ku gyara zama. Wannan kakata Bona ce ta ba ni ita, ita kuwa a kan idonta aka yi, don ita ta yi renon Ermelina tun tana tsumman goyo.

Ermelina ita kaɗai ce 'yar Landolfo, mai garin Montalera da ke kan tudu a ƙasarmu ta Toskana. Shekara biyu Landolfo yana yaƙi da sarkin tsibirin Tabera a kan jiragen gishiri. Da kowa ya gaji aka yi sulhu, sai sarkin ya aiko ƙaramin ɗansa, Gonariyo, ya zauna a gidan Landolfo a matsayin jingina har alkawari ya tabbata. Landolfo ya dafa Littafi a gaban jama'a, ya rantse cewa muddin saurayin yana hannunsa, babu mai cutarsa, babu mai yaudararsa.

Ranar da ya iso ana matsar zaitun. Aka kawo masa burodi da sabon mai, ya gutsura, ya tauna, ya dakata. Sai ya juya wajen budurwar da ke kusa da shi, ya tambaye ta ƙasa-ƙasa laifin me burodin nan ya yi aka hana shi gishiri.

Ermelina ko kallonsa ba ta yi ba ta ce, "Ka tambayi mahaifinka. Shi ya tare jiragen, mu kuma muka koyi ci a haka."

Gonariyo ya zaro wata 'yar jaka daga wuyansa, ya ɗebo gishiri da yatsu biyu, ya barbaɗa a kan nata burodin, ba nasa ba.

"To ga diyya, ranki ya daɗe. A fara da wannan, sauran na tafe."

Nan ta ɗago ta dube shi. Kakata ta ce tun daga wannan kallon ta san barcinta ya ƙare.

Kafin sanyi ya wuce, hannun rigar Bona ya zama gidan wasiƙa. Shi yana kiranta Zaituna, ita tana kiransa Ɗan Gishiri. Akwai wadda kakata ta haddace saboda yawan jin ana karanta ta:

"Zaituna, yau na hango ki a kan ganuwa kina faɗa da iska a kan mayafinki. Na goyi bayan iska. An ce ni jingina ne a gidan nan, to ki gaya wa mahaifinki kada ya wahalar da masu gadi, wanda ya ɗaure ni ba ya riƙe da mashi."

Ita kuma ta mayar masa:

"Ɗan Gishiri, bakinka ya fi ƙarfin rabonka. In da gaske kake, ƙofar Baba ba a kulle take ba. Ni ba na cin burodin da aka toya a ɓoye."

Ya kuwa je. Landolfo ya saurare shi har ya gama, sa'an nan ya ce masa a'a. Ya ce bai tsane shi ba, amma ba zai ba da 'yarsa tilo ga gidan da ya binne mutane saboda shi ba. Ban da haka, ya riga ya yi wa amininsa magana a kan gadon mutuwa cewa zai duba ɗansa Ugolino da idon suruki. Da Ermelina ta durƙusa tana cewa, "Baba, ka ji tawa," sai ya ce mata maganar da aka yi da mamaci ba a komawa a gyara ta.

Shi Ugolino ba mugu ba ne. In ka ba shi shahonsa da karnukansa, ka gama masa komai. Uwarsa ce abin tsoro, Uwargida Gwaldrada, mai gonakin da suka yi iyaka da na Landolfo. Shekara goma tana kallon itatuwan zaitun na Montalera tana haɗiyar yawu.

Ana nan, gab da bikin Ista, jirgi ya zo da labari. Zazzaɓi ya ɗauke yayan Gonariyo, sarki kuma ya tsufa, saboda haka bayan sati biyu za a zo a tafi da shi, shi ne magaji. Gwaldrada ta ji, hankalinta ya tashi. Ta san ƙin ba ɗan jingina 'ya daban, ƙin ba mai jiran gado daban, ko Landolfo mai taurin kai zai iya sake tunani.

A satin nan 'yar Gwaldrada ta haihu, namiji, bakwaini, kukansa kamar na ɗan kyanwa. Dole a yi masa baftisma ranar Lahadi, don ba a san ko zai kai wata ba. Gwaldrada ta aiko tana roƙon Ermelina ta zama uwar baftismarsa. Wannan girma ne da ba a ƙi, Ermelina ta amsa. Sai kuma aka gayyaci Gonariyo farauta tare da Ugolino, kwana huɗu a can gidansu, wai a ɗebe masa kewar ɗan'uwansa.

Ku dai kun san dokarmu. Namiji da macen da suka riƙe jariri ɗaya a bakin ruwan baftisma sun zama 'yan'uwa a gaban Allah, aure ya haramta tsakaninsu har mutuwa. To a Tabera ba haka suke yi ba. Mutum ɗaya ne ke riƙe jariri, namiji ga namiji, mace ga mace, don haka ba su ma san da wannan haramcin ba. Gwaldrada ta sani, don ta taɓa bugun cikin wani matuƙin jirgi.

Ranar Asabar da hantsi ta zo da kanta, wai ta kawo wa Ermelina farin ƙyallen da za a naɗe jariri. Ta zauna, ta sha ruwa, ta yabi saƙar Ermelina. Sai da ta miƙe za ta tafi ta ce, kamar abin da ta tuna, ai uban baftismar Gonariyo ne.

"Shi ya nema da bakinsa, 'yata. Yaro mai hankali. Ya ce 'yar wani sarki na jiransa a can, ba ya son ya tafi ya bar ki da sa rai. Gara a yanke abin a gaban Allah, kowa ya huta."

Haka ta faɗa wa Landolfo ma, shi kuwa ya yi ajiyar zuciya, ya ce yaron ya kyauta.

Ermelina ba ta yi kuka a gabanta ba. Sai da ta ji tafiyar dawakin Gwaldrada ta ɗauki alƙalami ta rubuta:

"Gonariyo, in da gaske kai ka nemi wannan, ka faɗa mini da rubutunka, zan riƙe jaririn ban ɗaga ido ba. In kuwa ba kai ba ne, don Allah kada ka shiga coci gobe."

Bona ta hau jaki da tsufanta ta kai. Mai gadin ƙofar Gwaldrada ya karɓa, ya shige, ya daɗe, ya dawo da takardar ko hatimin ba a fasa ba. Ya ce an ce babu buƙata. Bona ta tambaye shi wa ya ce, ya rufe mata ƙofa.

Ta dawo tana cewa ita dai ba ta yarda ba, yaron da ya ba ki gishirin wuyansa ba zai yi haka ba. Ermelina ta ce, "Iya, ya isa. Wanda zai zama sarki ai dole ya koyi yanka ba jini." Ta ce a fito mata da shuɗiyar rigarta, ba za ta bari a ga ta faɗi ba.

Lahadi coci ya cika har bakin ƙofa. Tsoho Anselmo, limamin cocin, ya tsaya a bakin kwarmin dutsen da ruwa ke ciki, da gishiri a ɗan faranti. Aka miƙa wa Ermelina jaririn, ta ji shi a hannunta kamar ba ta ɗauki komai ba. Leɓɓansa sun yi shuɗi don sanyi.

Sai ga Gonariyo ya ratso jama'a, ya sha ado, fuskarsa na walƙiya kamar ta ango. Ya tsaya kusa da ita. Ta kafe idonta a kan ruwan.

"Zaituna," ya ce a hankali, "fushin me ake yi da ni? Kwana huɗu ko layi ɗaya."

Ta ƙara lulluɓe jaririn. Ya ci gaba:

"Ki saki ranki, yau komai zai ƙare. Uwargida Gwaldrada ta faɗa mini al'adarku. Ta ce in saurayi da budurwa suka riƙe jariri tare a nan, uba ba shi da ikon hana su kuma. Allah ya saka wa matar nan."

Kakata ta ce tana tsaye a bayansu, ta ga wuyan Ermelina ya sandare. Liman ya riga ya sa wa jariri gishiri a harshe. Ya juyo ya ce uban baftisma ya ɗora hannunsa na dama a kafaɗar yaron. Gonariyo ya miƙa hannu.

Ku duba inda take. In ta yi shiru, ta rasa shi har abada. In ta yi magana, ta tona kanta a gaban uba da gari, ta ƙaryata babbar mace a cikin coci. In ta ajiye jaririn ta fita, ya mutu ba baftisma, alhakin a wuyanta.

Ta ja da baya taku ɗaya, hannunsa ya kama iska.

"Kada ka taɓa shi," ta ce, da muryar da ta kai bayan coci. "In ka taɓa shi ka zama ɗan'uwana, ba za ka taɓa aurena ba. Haka dokarmu take. Ƙarya aka yi maka, ni ma ƙarya aka yi mini."

Gonariyo ya janye hannu kamar wanda ya dafa garwashi.

Gwaldrada ta yi dariyar yaƙe, ta ce yarinya ce ta ruɗe da azumi, a ci gaba. Amma Landolfo ya riga ya taso daga kujerarsa. Bai dubi 'yarsa ba. Gonariyo ya nufa, ya ce ya maimaita abin da aka faɗa masa, kalma bayan kalma. Ya maimaita. Landolfo ya tambaye shi ko wasiƙa ta same shi jiya, Gonariyo ya ce wace wasiƙa. Bona ta zaro ta daga hannun riga da hatiminta, ta ɗaga sama.

Landolfo ya daɗe yana kallon takardar. Shi ne ya dafa Littafi a cikin wannan cocin ya rantse ba za a yaudari baƙonsa ba, ga shi an yaudare shi, shi kuma yana zaune yana sa albarka.

Liman ya ce, "Ranka ya daɗe, ku yi shari'arku daga baya. Yaron nan ba zai jira ku ba. A ba ni uba yanzu."

Ermelina ta gyara riƙon jaririn, ta ce wa mahaifinta cikin ladabi, "Baba, ga kawunsa can a tsaye. Wa ya fi Ugolino cancanta?"

Gwaldrada ta yi wuf ta ce ba zai yiwu ba, ai wannan zai haramta wa ɗanta...

Sai ta kama bakinta, amma ta makara.

"Ashe kin san dokar sarai," in ji Landolfo. "Ugolino, matso."

Ugolino ya dubi uwarsa, ya dubi ɗan ƙanwarsa da ke ƙoƙarin numfashi. Ya cire safar hannun riƙon shahon da ko a coci ba ya rabuwa da ita, ya tako ya ɗora ƙaton hannunsa a kafaɗar jaririn. Ya raɗa wa Ermelina cewa dama shi tsoronta yake ji, a 'yar'uwa ta fi masa sauƙi. Aka zuba ruwa sau uku, aka raɗa wa jaririn suna Landolfino, yaron ya callara kukan da ba wanda ya zaci yana da ƙarfinsa.

Kwana uku Landolfo bai yi wa kowa magana ba. Ermelina ta daina cin abinci, jirgin Tabera kuwa ya riga ya iso gaɓa. A rana ta huɗu ya kira su biyun da safe. Ya ce alkawarin da ya yi wa amininsa ba shi ya karya ba, coci ne ya rufe shi, matar aminin kuma ita ta kawo makullin. Amma rantsuwar da ya yi wa baƙonsa, saura ƙiris ta karye a hannunsa, 'yarsa ce ta tare masa ita.

Sai ya tura wa Gonariyo burodi, ya ce, "Jakar nan ta wuyanka, da saura a ciki?"

Gonariyo ya ce da saura, Baba. Landolfo ya ce to a barbaɗa masa, shekara uku rabonsa da cin burodi mai ɗanɗano.

An ɗaura auren a bakin ƙofar wannan cocin bayan Ista da sati ɗaya, tsoho Anselmo ya sa musu albarka yana share hawaye da hannun riga. Ugolino ne ya riƙe linzamin dokin amarya har gaɓar teku.

Shekara na zagayowa tsohon sarki ya rasu, aka naɗa Gonariyo, aka ɗora wa Ermelina kambin sarauniyar Tabera. Sun yi shekara talatin da ɗaya tare, sun haifi biyar, kuma har ya tsufa bai kira ta da wani suna ba sai Zaituna. Landolfo ya ga jikoki uku kafin ya rasu, na biyun ne ya gaji Montalera. Gwaldrada ta ƙare kwanakinta a gidanta, ba wanda ya sake neman ta riƙe masa jariri. Ugolino ya auri 'yar mai kiwon shahonsa. Bakwainin nan ya rayu, ya girma, ya zama matuƙin jirgin da ke kawo mana gishiri. Bona kuwa ta bi uwarɗakinta tsibiri, ta yi shekara tara tana ƙorafin burodinsu ya cika gishiri, sa'an nan ta dawo gida ta mutu a cikinmu.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya. Allah ya ba kowa nasa rabon.